FALON LITTAFI DABAN, FALON AMARYA DABAN

'Yan uwana mata, musamman 'yan mata masu shirin shiga daga ciki, da ƙannena 'yan makaranta waɗanda tun yanzu suka fara jera ɗakunansu a zuci, yau labarin kaina na zo muku da shi. Duk wadda ta ga dama ta yi mini dariya, na yafe mata tun kafin ta fara, don ni ma yanzu in na tuna dariya nake yi, ko da yake a lokacin kuka na sha har na gode Allah.

Duk wadda ta taɓa karanta littafina ta san halina wajen tsara falo. Da zarar na kai amarya gidan mijinta, to sai na ɓata shafi biyu ina lissafa abin da ke ciki: kujeru 'yan waje, labule har ƙasa, talabijin da ya cinye rabin bango, ga sifiku dogaye a tsaye kamar dogarai. Jarumi zai shigo ya danna rimot, sai wani kiɗa mai taushi ya lulluɓe falon, amarya ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ban taɓa tambayar kaina nawa ne kuɗin waɗannan kaya ba, ko wace wuta ce za ta ɗauke su. Alƙalami ba ya biyan kuɗin kaya, kuma a cikin littafi ba a ɗauke wuta sai in marubuciya ce ta ga dama.

To ashe rana tana nan zuwa da zan biya bashin alƙalamina.

Ni 'yar Ƙofar Taramniya ce a cikin birnin Sakkwato, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin gari irin su Ƙofar Rini da Ƙofar Marke da Ƙofar Kware. Nan aka haife ni, nan na yi wayo, daga nan na yi ta zirga-zirgar makaranta har na gama sakandare. Babanmu ɗan fansho ne. Innarmu kuwa ɗinki take yi a cikin gida da wani keke ƙirar Butterfly wanda ya girme ni, kuma da ƙarar keken nan muke barci, da ita muke tashi. Kuɗin makarantar ƙannena uku, da sabulu, da cefanen ranar da fansho ya yi jinkiri, duk daga ƙarƙashin allurar keken nan suke fitowa.

An sa bikina bayan Babbar Sallar 2024. Wanda zan aura malamin makaranta ne, shi ya sa ma Malam nake ce masa har yau. Ciki da falo aka gyara mana a gidansu, kuma bangon falon nan shi ne bangon ɗakin mahaifiyarsa, Hajiya. Kamar yadda aka saba, gado da kujeru da kayan kicin na iyayen amarya ne, kayan wuta kuma na ango. Malam bai ɓoye mini ƙarfinsa ba. Ya sayi talabijin mai inci 32, da fanka, ya kuma haɗa 'yar ƙaramar sola da batir ɗaya da inbata, don tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ce shi da janareta sai dai gaisuwa daga nesa. Na ce masa ya yi ƙoƙari, kuma har cikin raina nake nufi.

Wata uku kafin nawa aka yi bikin aminiyata, wadda muka yi aji ɗaya tun daga ajin farko. Ita ɗan kasuwa ta aura. Ranar da muka je ganin ɗaki, wallahi 'yan uwa sai da na riƙe baki, don kamar an buɗe littafina an kwafe falon. Ga hom tiyata nan sifika shida, da fitilu ja da shuɗi suna ta walƙiya, aka saka waƙar fim aka ƙure murya har gilashin taga yana rawa. Muna cikin shewa sai wata daga cikin ƙawayenmu ta dafa kafaɗata ta ce, "To marubuciya, saura naki. Mu dai mun zuba ido, don mun san wadda ta tsara wa mutanen littafi falo ba za ta bar nata a baya ba."

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta bi ni har gida ta kwana da ni.

Ban gama da wannan ba sai ga Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo duba kayan da aka tara. Ta ɗaga wannan ta ajiye, ta shafa wancan ta yaba, can sai ta waiwayo ta ce, "Ina kayan kiɗin?" Na ce mata ai ango ya sayi talabijin, kuma yana da murya. Gwaggo ta tafa hannu ta yi salati.

"Ke ɗiyag ga, mi kic ce? Ke da ka rubuta littahi duniya na karantawa, a taho ganin ɗakinki a ishe talabijin ɗai kamar ɗakin gwauro? To ba da ni ba. In shi bai iya ba, mu sai mu yi. Ba a raina gidanmu ba ina raye."

Inna tana gefe tana ninke atamfa, ba ta ce uffan ba. Ni kuwa a raina na ji daɗi, don na sami mai tsaya mini.

Washegari muka hau keke napep ni da Gwaggo sai Babbar Kasuwa. A nan ne na fara sanin cewa abin da muke kira hom tiyata a dunƙule ba iri ɗaya ba ne. Wani mai shago ya nuna mana na ainihi, wanda uwar take zuwa daban. Wannan uwar ita ake kira risiba, amma ba irin risibar dish ba. Wani baƙin akwati ne mai nauyi, bayansa cike da ramukan waya. Ita ke karɓar sauti daga talabijin ko waya ko dish, ta ƙara masa ƙarfi, sannan ta raba wa kowace sifika nata rabon. Irin su Yamaha da Denon da Sony ke yin ta. Da ya faɗi kuɗin risibar kaɗai, ban da sifikun, sai da Gwaggo ta nemi wurin zama, don ya fi kuɗin gadona da katifa. Ya ce mu yi haƙuri, ba laifinsa ba ne, tun farkon shekarar dala ta haura naira 1,500, kuma duk kayan nan da dala ake shigo da su.

A shago na biyu aka nuna mana irin wannan risibar amma ta gwanjo, an ce daga Amurka ta zo, kuɗinta bai kai rabin sabuwa ba. A na uku kuma muka ga irin na aminiyata, mai fitilu, an rubuta 5000W da manyan baƙaƙe a jikin kwalin. Yaron shagon ya ƙure mana murya har mutanen layin suna waiwayowa. Gwaggo ta washe baki ta ce, "Awo! Wanga shi na kayan amarya." Muka yi ciniki, muka ce za mu dawo da kuɗi ranar Asabar. Ban tambayi Gwaggo inda kuɗin za su fito ba. Gaskiya ban so in sani ba.

Da daddare Malam ya zo zance. Muna zaune a zaure na kwashe labarin kasuwa na faɗa masa ina ta zumuɗi. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Amarya, batirin da na saya ba zai ɗauki wannan da fanka da talabijin ya kai mu dare ba. Kuma kin san bayan bangon nan Hajiya ce, ga ta da hawan jini."

Raina ya ɓaci. Na ce masa ai ba kuɗinsa na ce ya kawo ba, kuma in bai damu da a yi wa matarsa dariya ba, ni na damu. Na tashi na shige gida ko rakiya ban yi masa ba. Kwana biyu yana kiran wayata ina kallo tana ƙara har ta yanke. Ku ji fa 'yan uwa, mutumin da ya shekara biyu yana sintiri a ƙofar gidanmu, rana da iska, shi na juya wa baya a kan akwatin kiɗa.

Ranar Alhamis na dawo daga wurin mai ƙunshi da la'asar, tun daga zaure na ji gidan shiru, babu ƙarar keke. Ina shiga na tarar da dillaliyar unguwarmu a durƙushe gaban keken Inna, tana juya hannunsa tana leƙa ƙarƙashinsa, tana cewa ai ya tsufa, sai dai a yi haƙuri da abin da ya samu. Inna tana tsaye ta harɗe hannu a ƙirji. An kwashe zare da almakashi da ƙyallayen mutane an zuba a cikin kwalla.

Gabana ya yanke ya faɗi. Na ce, "Inna, lafiya?"

Ba ta dube ni ba ta ce, "Lahiya lau. Shiga ciki."

Na ce, "Inna, keken za ki sayar?"

Sai a lokacin ta ɗago. Ta ce, "Ke ɗai gare ni mace. Ba ni son a kai ki gidan mutane kina sunne kai. In Allah ya hore sai in sayi wani."

Wallahi ban san lokacin da na durƙushe na rungume ƙafar keken nan ina kuka ba. Na tuna daren da Inna ta kwana a kansa da fitilar ƙwai tana ɗinkin sallah don a biya mini kuɗin jarrabawar fita. Na tuna ƙannena da za a koma makaranta bayan biki da wata biyu. Hausawa sun ce ganin kitse ake yi wa rogo, to ni ga kitsen gaske a gidanmu zan bayar a karɓo mini rogo mai fitila. Na ba dillaliya haƙuri na ce ba na sayarwa ba ne. Ta tashi tana ƙunƙuni ta fita.

Baba yana ɗakinsa yana jin duk abin da ake yi. Bayan magariba ya kira ni. Na zaci faɗa zai yi, sai kawai ya miƙo mini tsohuwar rediyonsa ya ce gobe in tafi da ƙanena mu kai wa mai gyara, kuma in na je in tambaye shi shawara a kan abin da nake son saye. Ya ce, "Mai sayarwa ya san ranar da kaya ka hita shago, mai gyara shi as san ranar da su ka mutuwa."

Mai gyaran nan dattijo ne, tun ina ƙarama nake ganinsa a 'yar rumfarsa a bakin titi da tabarau a kan hanci. Muka gaisa, na faɗa masa abin da ke tafe da ni ina jin kunya. Ya yi murmushi ya ce, "Zamna ɗiyata. Dibi bisa kantag ga." Na ɗaga kai. Ga akwatunan hom tiyata nan an jibga wani kan wani har rufi, ƙura ta lulluɓe su, wasu ma ledar jikinsu ba a gama ɓarewa ba. Ya ce, "Mafi yawa na amare na. Wanga kwana ukku da biki anka kawo shi."

Na shafe fiye da awa ɗaya a rumfar nan, kuma abin da na koya a ranar ban koye shi a aji ba. Bari in faɗa muku shi yadda na fahimta.

Da farko ya sauko da irin mai fitilun nan da muka yi ciniki. Ya nuna mini 5000W ɗin da ke gaba, da wasu ƙananan baƙaƙe a kusa da shi, PMPO. Sannan ya juya bayan akwatin ya nuna mini wata 'yar takarda kusa da inda wayar wuta ta fito, inda aka rubuta abin da akwatin yake sha daga soket. Wat 60 ne kacal. Ya ce, "Ke da kin yi boko, hwaɗa min, tulun da anka zuba ma ruwa kwano guda, shina ba da kwano ɗari?" Ashe wannan babbar lambar ta talla ce kawai. Lambar da ake dubawa ita ce wadda aka rubuta RMS a gabanta, ita ke nuna ƙarfin da abin zai iya bayarwa yana ci gaba da aiki. Ya ce ga falo irin nawa mai ƙafa 12, wat 20 zuwa 40 na gaskiya a kowace sifika ya isa har ya yi yawa.

Na ce to ta gwanjon fa, tunda an ce kayan Turai sun fi ƙarko? Ya ce da gaske ne akwai masu kyau a ciki, amma a duba bayanta tukuna. Wutarmu ta Nijeriya bolt 230 ce, irin ta Ingila. Ta Amurka kuwa 120 ce, ta Japan 100. In aka ga an rubuta 120V kaɗai a bayan risiba aka kuma soka ta kai tsaye a soket ɗinmu, to ko minti ɗaya ba za ta yi ba sai hayaƙi. Dole sai an haɗa ta da taransifoma mai rage wuta, kuma ranar da wani yaro ko baƙuwa ta zare ta soka a bango, shi ke nan an yi asara. Wadda aka rubuta 220–240V ko 100–240V ita ce tamu. Ga shi kayan gwanjo ba su da garanti, sau da yawa ma ba rimot.

Daga nan ya fassara mini lambar nan 5.1 da nake gani a kwalaye ban san ma'anarta ba. Biyar ɗin sifiku ne: biyu a gaba dama da hagu, ɗaya a tsakiya wadda maganar 'yan fim ke fitowa daga cikinta, biyu kuma a bayan mai kallo. Ɗayan kuma ita ce wufa, mai fitar da gurnanin nan da ke girgiza ƙirji. Abin yana daɗi ne in falon yana da faɗin da za a ja kujera tsakiya a sa sifiku biyu a bayanta, kuma in fim ɗin da kansa an naɗe shi da sauti kashi shida. To yawancin abin da muke kallo, finafinanmu na Hausa da ake turawa a waya ko a YouTube, da rediyo, da karatun littafi, sautinsu dama da hagu ne kawai. Ya ce shi ya sa in ka shiga ɗakin amare sai ka ga an jera sifikun duka shida a gaba kusa da talabijin kamar kwanonin jere, an biya kuɗin shida ana jin aikin biyu. Na yi dariya, don haka na gani a ɗakin aminiyata, haka kuma nake rubutawa a littafi. Game da wufa kuwa ya ce gurnaninta ba ya jin bango, ko an rufe ƙofa sai ya ratsa. Nan take na tuna Hajiya, na tuna maganar Malam, kunya ta kama ni.

Ya tambaye ni wace wuta ce a gidan, na ce ta gari in an kawo, sai 'yar sola. Ya ce to babbar risiba in an ƙure ta tana iya shan wat 250 ko fiye, wato ta fi talabijin da fanka a haɗe, batir ɗaya ba zai kai ko'ina ba. Kuma abin da ya fi kashe kayan da ke kan kantarsa abu uku ne. Na ɗaya, wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, don haka a sayi sitabilaiza, a kuma riƙa zare waya in an ɗauke wuta ko hadari ya taso. Na biyu zafi. Kowa ya san Sakkwato a watan Afrilu da Mayu, zafi yana haura digiri 40, ita kuma risiba da kanta zafi take fitarwa ta 'yan ramukan da ke samanta, sai amarya ta ɗauko ƙyalle mai ado ta lulluɓe ta, ta ɗora fulawar roba a kai, ko ta kulle ta a cikin durowar gilashi. Na uku ƙurar hunturu. Ya ce a rufe ta in an kashe, a buɗe ta in za a kunna.

Da zan tafi ya ce in duba bayan talabijin ɗin Malam, in akwai ramin HDMI da aka rubuta ARC a gefensa, to in nemi risibar da ita ma take da shi, waya ɗaya ta haɗa su, kuma rimot ɗin talabijin zai riƙa ƙara murya da ragewa. In babu, a nemi ramin optikal. Sannan ya ce, "In kin tahi saye, kar ki bari yaron shago shi ƙure miki murya. Ki sa magana, ki rage ta ƙasa-ƙasa, ki ji ko kina gane abin da a ka hwaɗi. Kayan sauti ba da ido a ka sayen su ba, da kunne na."

A daren nan ni na kira Malam da kaina. Ya ɗauka bugu ɗaya. Na yi ta kame-kame, can dai na ce ya yi haƙuri. Ya yi dariya ya ce shi dama bai yi fushi ba, tsoro ya ji kada a ce akwatin kiɗa ya ƙwace masa mata. Na ce ya duba mini bayan talabijin. Ya haska da fitilar waya ya ce ga ARC nan a rami na biyu.

Ranar Asabar na koma kasuwa, amma da ƙanena, kuma da kuɗina. Littafina na ƙarshe da na sayar a WhatsApp, masu karatu suna turo 'yan ɗaruruwansu, na tara abin da na tara da nufin ƙarin lesuka da takalma. Na haƙura da su. Muka zaga shago huɗu. Duk inda muka shiga sai na ce a juya mini bayan akwatin, har wani mai shago ya tambaye ni ko gyaran rediyo nake yi. Na haɗa wayata ta Bluetooth na saka karatun wani littafi, na rage murya. Wasu sai ka ji muryar kamar daga cikin randa take fitowa. A shago na huɗu na sami wata 'yar ƙaramar risiba baƙa, ba fitila ba walƙiya, sifika biyu da 'yar wufa mai maɓallin ragewa, wato 2.1. Tana da ARC, da ramin filash, da rediyon FM. Muryar mai karatun ta fito tas kamar tana zaune kusa da ni. Na sa aka rubuta mini rasit da garanti, aka gwada a gabana, na ƙara da sitabilaiza. Duka kuɗin bai kai rabin na mai fitilu ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce kowa ya yaba ba. Ranar jere Gwaggo ta dubi 'yar risibata ta taɓe baki ta ce, "Wagga ta rage gare ki," kuma har yau in maganar ta taso sai ta ce na ba ta kunya. Ranar ganin ɗaki ina lulluɓe a kan gado na ji wata tana raɗa wa 'yar uwarta, "Ashe duk ƙaryar littafi ce." Maganar ta soke ni, sai da na yi hawaye a cikin mayafi, mutane suna zaton kukan rabuwa da gida ne. Amma kwana nawa aka yi ana ganin ɗakin? Kwana uku. Kowa ta koma gidansu, aka bar ni da ɗakina da mijina.

Yanzu in an ɗauke wuta da dare, 'yar solar Malam tana riƙe mana talabijin da fanka da risiba har mu gama kallon Labarina. Da safe ina shara ina jin Rima Radio. Hajiya da nake tsoron damunta, ita ce yanzu take shigowa da carbinta ta ce, "Ɗiyata, kunna muna akwatin nan naki, shi ka hidda magana sarai," don kunnenta ya fara nauyi, muryar talabijin kaɗai ba ta isarta. Na aminiyata kuwa, da damina ta farko aka yi wata tsawa da dare ba a zare waya ba. Da na kai wa dattijon nan goron godiya, ban tambaya ba, amma na ga mai fitilu sabo a saman kanta.

Na tambayi Inna me aka kai mata na kiɗa a nata auren. Ta ce rediyo mai cin kaset biyu, kuma a lokacin ita ma sai da aka yi rigima a kansa, don a shekarun 1990 shi ne abin yayi, kafin bidiyo ya shigo ɗakunan amare bayan finafinan Hausa sun yaɗu. Kakarmu kuwa ta ce su tasoshi da ƙore aka jera musu, kuma an yi gasar a kansu kamar yadda muke yi yau. Ina rediyon Inna yanzu? Ko ita ba ta san inda ya shiga ba. Keken dai yana nan.

Don haka 'yar uwa, in lokacinki ya zo, kafin ki nufi kasuwa ki auna falonki, ki san wutar gidan, ki san wanda ke bayan bangonki, ki kuma san daga aljihun wa kuɗin za su fito da abin da zai rasa saboda ke. In kin je ki juya bayan akwatin ki karanta, ki saurara da kunnenki, ki karɓi rasit. Wadda Allah ya hore wa babban falo da wadatar wuta ta sayi mai shida ta more, ba laifi ba ne. Ke kuma ƙanwata 'yar makaranta da ke karanta littattafanmu a ƙarƙashin tebur, ki ji daɗin labarin, amma kada ki je ki tasa mahaifiyarki gaba da falon da marubuciya ta gina da biro.

Ni ma na ɗauki nawa darasin. A littafin da nake rubutawa yanzu, amaryar ciki da falo aka kai ta, kuma a babi na bakwai an ɗauke musu wuta.

Jiya na je gida da yamma, tun daga zaure na jiyo ƙarar keken Inna, tana ɗinka wa autanmu rigar makaranta. Na daɗe a tsaye ina saurare kafin na yi sallama.

Allah ya ba 'yan matanmu mazaje na gari, ya rufa wa iyayenmu asiri, ya saka musu da alheri, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Taku har kullum,
daga Ƙofar Taramniya, Sakkwato.